Dalilan da Ke Hana Imel da Kalanda Sabuntawa a Waya, da Yadda Ake Gyarawa

Akwai matsalar waya da ke nuna kanta nan take, kamar fashewar gilashi ko ƙin ɗaukar caji. Akwai kuma wadda take ɓarna a shiru, mai wayar ba zai ankara ba sai aikin gama ya gama. Tsayawar imel da kalanda na cikin kashi na biyu. WhatsApp na shigowa, TikTok na buɗewa, sabis a cike, amma saƙon gayyatar intabiyu da aka turo ranar Litinin bai bayyana ba sai ranar Alhamis, lokacin da mutum ya buɗe Gmail da kansa. Ko ɗalibi ya rubuta ranakun jarrabawa a kalandar waya, ya sauya waya, ya tarar babu ko ɗaya.

Da yawa idan suka ga haka sai su garzaya wurin mai gyara a yi wa wayar filashin. Galibi abin bai kai nan ba, kuma filashin ɗin na iya jawo asarar da ta fi matsalar farko. Abin da ake buƙata shi ne a gano inda hanyar ta toshe kafin a taɓa komai.

Ina saƙonnin suke zaune?

Imel ɗin mutum yana ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfanin da ya buɗe asusu da shi: Google ga mai Gmail, Microsoft ga mai Outlook ko Hotmail, Apple ga mai iCloud. Abin da ke cikin waya kwafi ne. Lokaci zuwa lokaci wayar tana tuntuɓar waɗannan kwamfutoci, ta karɓo sabon abin da ya shigo, ta kuma miƙa musu abin da mai ita ya rubuta ko ya goge. Wannan kai-komo shi ne ake kira daidaitawa, kuma shi ne ake gani an rubuta Sync a cikin saitin waya.

Daidaitawa na buƙatar abu huɗu a tare: intanet mai aiki, izinin shiga asusu, damar manhaja ta yi aiki ko da ba a buɗe ta ba, da wurin ajiya a ɓangarorin biyu. Duk lokacin da imel ko kalanda suka tsaya, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya samu tangarɗa.

Gwajin farko: a duba ta burauza

Kafin a shiga saiti, a buɗe Chrome ko Safari a shiga asusun kai tsaye: mail.google.com ko calendar.google.com ga masu Google, outlook.com ga masu Microsoft, icloud.com ga masu Apple. Idan shafin kalanda bai fito da kyau ba, a latsa ɗigo ukun da ke saman Chrome a zaɓi Desktop site. Wannan gwajin na minti biyu yana raba matsalar gida uku.

Idan saƙon ko taron yana nan a burauza amma babu shi a manhaja, laifin daga waya ne. Idan babu shi a burauza ma, to bai taɓa isowa asusun ba, don haka duk gyaran da za a yi wa waya ɓata lokaci ne. Idan kuwa abin yana cikin waya amma babu shi a burauza, nan ne ya kamata a yi hattara sosai, domin kwafi ɗaya tak ke akwai a duniya, kuma shi ne wanda ke hannu. A wannan hali kada a goge komai tukuna.

Idan laifin daga waya ne

Abu na farko da za a duba shi ne irin datar da aka saya. Kamfanonin sadarwa na sayar da data mai rahusa da ke aiki a kan WhatsApp, Facebook ko TikTok kaɗai. Mai irin wannan data zai ga hira na tafiya lafiya lau, ya ɗauka yana da intanet, alhali Gmail da kalanda ba su da hanyar fita. A gwada buɗe wani shafi na daban a burauza. Idan ya ƙi buɗewa, an gano bakin zaren.

Na biyu shi ne maɓallin daidaitawa da kansa. A wayoyin Android ana shiga Settings, a nemi Accounts. Sunan wurin na ɗan bambanta: a wasu wayoyi Passwords and accounts ne, a Samsung kuma Accounts and backup. A can akwai maɓallin da ke ba manhajoji damar daidaitawa da kansu. Mutane kan kashe shi don tattalin data, su manta. Bayan an kunna, a shiga asusun Google ɗin a tabbatar Gmail da Calendar kowanne a kunne yake, sannan a latsa Sync now. A cikin manhajar Gmail ma akwai wani akwati, Sync Gmail, a ƙarƙashin saitin kowane asusu. A nan ne kuma ake zaɓar yawan kwanakin saƙonnin da wayar za ta riƙe, wanda yake zuwa a kan kwana 30.

Na uku, kuma wanda ya fi yawa, shi ne tattalin batir. Tun daga Android 6 da ta fito a 2015, Google ya saka tsarin da ke sa waya ta yi gyangyaɗi idan an ajiye ta ba a taɓa ba, ta rage aikin manhajoji. A Android 7 ta 2016 aka ƙara Data Saver, mai hana manhajoji cin data a ɓoye. Sannan kowane kamfanin waya ya ɗora nasa a kai. Tecno, Infinix da itel suna zuwa da manhajojin share waya da tattalin batir masu rufe duk abin da ke aiki a bayan fage. Samsung na da jerin manhajojin da ya sa su barci, Xiaomi da Redmi kuma suna da Autostart. Inda wutar lantarki ba ta zama, mutane da yawa kan bar waya a yanayin tattalin batir dare da rana, kuma a wannan yanayi imel kan makara ko ya tsaya sai an buɗe manhajar.

Maganin shi ne a danne alamar Gmail na ɗan lokaci, a shiga App info, a je Battery a zaɓi Unrestricted ko abin da ya yi kama da shi. A ɓangaren data kuma a kunna Background data, a ba ta izinin aiki ko da Data Saver na kunne. A maimaita wa manhajar kalanda. Saƙon rubutu ba ya cin data mai yawa, hotuna da bidiyo ne ke cinye ta.

Na huɗu, wani lokaci saƙon ya shigo, sanarwa ce ba ta fito ba. Daga Android 13 kowace sabuwar manhaja sai ta nemi izini kafin ta riƙa nuna sanarwa, kuma da yawa kan latsa ƙi cikin gaggawa. Haka nan Gmail na raba saƙonni zuwa Primary, Social da Promotions, kuma bisa al'ada na Primary kaɗai yake sanarwa. Saƙon makaranta ko na kamfanin ɗaukar aiki na iya faɗawa Promotions ko Spam. Abin da ya shiga Spam kuwa yana gogewa da kansa bayan kwana 30.

Na biyar shi ne kwanan wata da agogo. Kafin waya ta yi magana da kwamfutocin Google ko Microsoft, tana duba takardar shaidar tsaronsu, wadda ke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan wayar na ganin ana cikin 2015, za ta ɗauka takardar ba ta da inganci, ta ƙi haɗuwa. Hakan kan faru bayan batir ya mutu murus ko an buɗe wayar wurin gyara. A shiga Date and time a bar su a kan saita kai.

Na ƙarshe, idan ma'ajiyar wayar ta cika maƙil da bidiyon guruf-guruf, Android na iya dakatar da daidaitawa saboda babu inda za ta zuba sabon abu. A rage kaya a sake gwadawa.

Idan laifin daga asusu ne

Google na ba kowane asusu 15 GB kyauta, amma Gmail da Google Drive da Google Photos ne ke rabon sa. Tun 1 ga Yuni 2021 sabbin hotunan da ke hawa Google Photos suke shiga lissafin, kuma daga 2024 ajiyar hirarrakin WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga. Don haka wanda bai cika amfani da imel ba ma na iya cika asusunsa bai sani ba. Idan ya cika, mutum ba zai iya aikawa ko karɓar saƙo ba, kuma abin da aka turo masa kan koma wa mai shi. Ana duba yawan abin da ya rage a one.google.com/storage. Bayan an goge manyan fayiloli sai an zubar da kwandon shara, domin abin da ke cikinsa yana nan cikin lissafi. Sannan a roƙi wanda ya turo saƙo a lokacin ya sake turowa. Masu iCloud su ma su lura, nasu kyautar 5 GB ce kawai.

Sai batun kalmar sirri. Idan aka sauya ta a kwamfuta ko a wata waya, sauran na'urori za su tsaya har sai an sake shiga. Android kan nuna sanarwar cewa asusu na buƙatar kulawa, amma ana yawan share ta ba a karanta ba.

Akwai kuma sauyin da ya kashe tsofaffin manhajojin imel da dama. Daga 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin manhajojin wasu kamfanoni su shiga asusun mutum da adireshi da kalmar sirri kaɗai. Microsoft ya yi irin haka ga Outlook da Hotmail a Satumba 2024. Shi ya sa tsohuwar manhajar Email da ta zo da waya za ta yi ta cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, alhali daidai take. Hanya mafi sauƙi ita ce a koma manhajar kamfanin, wato Gmail ko Outlook, ko a cire asusun daga manhajar a sake saka shi ta hanyar zaɓar tambarin Google ko Microsoft. Idan dole sai tsohuwar manhajar, Google na bayar da kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16, amma sai ga wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Masu imel na makaranta ko wurin aiki kan haɗu da zaɓi tsakanin IMAP da POP3 lokacin saitawa. POP3 tsohon tsari ne da aka yi shi don na'ura ɗaya: yana sauko da saƙonni, kuma idan ba a hana shi ba yana iya cire su daga kwamfutar kamfanin. Shi ke sa saƙo ya bayyana a laftof amma babu shi a waya. IMAP kuwa yana barin komai a can, kowace na'ura ta ga abu iri ɗaya. Mai na'ura fiye da ɗaya ya zaɓi IMAP. Lambar ƙofarsa mai tsaro 993 ce, ta POP3 995, ta aika saƙo kuma 465 ko 587. Idan saƙo na shigowa amma ba ya fita, saitin aikawa ne ke da kuskure. A tuna cewa IMAP imel kaɗai yake ɗauka. Kalanda na bin wata hanya daban, CalDAV ko Exchange, don haka saka imel na ofis ta IMAP ba zai kawo kalandar ofis ba.

Saƙon da ya maƙale a Outbox kuma sau da yawa nauyi ne ya yi masa yawa. Gmail ba ya ɗaukar abin liƙawa da ya wuce 25 MB. A goge shi daga nan, a ɗora fayil ɗin a Drive a tura mahaɗinsa.

Tarkon da ke cikin kalanda

Manhajar kalanda ɗaya na iya nuna kalandoji da yawa a shafi guda: ta Google, ta Samsung, ta Outlook, da wadda ke zaune a cikin wayar kaɗai, mai suna irin My calendar, Phone ko Local. Duk abin da aka rubuta a wannan ta ƙarshen ba ya zuwa ko'ina. Idan wayar ta ɓace, ko aka sace ta, ko aka yi mata filashin, ya tafi ke nan. Wannan shi ne babban dalilin da ke sa mutum ya ga taro a waya amma babu shi a burauza.

A buɗe taron a duba sunan kalandar da yake ciki. Idan ta waya ce, a gyara shi a mayar da shi ƙarƙashin adireshin Gmail. Idan manhajar ba ta yarda da sauyawa ba, a sake rubuta shi. Daga nan, duk lokacin da za a saka sabon abu, a kalli layin da ke nuna asusun kafin a adana. Mai adireshin Gmail biyu ko uku ya ƙara lura, domin sau da yawa taron da ake nema yana cikin ɗaya asusun.

Idan taron na burauza amma ba ya fitowa a Google Calendar, a latsa layi ukun da ke sama a ga ko akwatin kalandar na da alamar zaɓi. Idan kalanda ce da wani ya raba, kamar ta aji ko ta ƙungiya, a shiga Settings na manhajar, a latsa Show more, a zaɓe ta a kunna Sync. Kalandar da aka saka ta hanyar mahaɗi, irin jadawalin wasannin ƙwallo ko na lakca, ba ta sabuntawa nan take. Google kan ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ya sake leƙa ta, saboda haka bai kamata a dogara da ita ba wajen sanin sauyin gaggawa.

Gayyatar taro ma na iya ƙin fitowa. Don rage gayyatar 'yan damfara, Google Calendar na da zaɓin saka gayyata daga kowa, ko daga wanda aka sani kaɗai, ko sai mutum ya amsa ta cikin imel. Idan baƙon kamfani ne ya turo, a nemi saƙon a Gmail a amsa daga can. Wanda ya goge taro bisa kuskure kuma zai same shi a kwandon sharar kalanda ta burauza har tsawon kwana 30.

Sai bambancin lokaci. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna kan agogo ɗaya, awa ɗaya gaba da GMT. Ghana tana kan GMT, Sudan awa biyu gaba, Saudiyya awa uku. Idan wayar na kan yankin lokaci da ba nata ba, kuma aka gyara agogon da hannu don ya yi daidai, fuskar wayar za ta nuna lokacin gaskiya amma duk tarukan kalanda za su goce da awa ɗaya ko fiye. Masu karatu ko aiki ta intanet da Ingila su san cewa daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Landan daidai yake da na Kano, sauran watannin kuma yana baya da awa ɗaya. Kalanda na yin wannan lissafi da kanta, muddin yankin lokacin wayar daidai yake.

Ga masu iPhone

Manhajar Mail ta Apple ba ta karɓar saƙon Gmail na kyauta a daidai lokacin da ya iso. Tana zuwa ɗaukowa ne bisa jadawali: duk minti 15, ko 30, ko awa ɗaya, ko sai an buɗe ta. Ana sauya wannan a Fetch New Data, ƙarƙashin asusun Mail a Settings. Daga iOS 18 an mayar da saitin Mail da Calendar cikin sashen Apps. Idan alamar batir ta koma ruwan ɗorawa, wato Low Power Mode na kunne, ɗauko saƙo na raguwa ko ya tsaya. Mai son sanarwa nan take ya sauke manhajar Gmail.

A saitin Calendar akwai wurare biyu masu muhimmanci. Default Calendar ne ke nuna inda sabon taro zai shiga. Idan iCloud ne, ba zai bayyana a Google ba. Sync kuma na nuna iya nisan da wayar za ta waiwaya baya, daga mako biyu zuwa duka tarukan. Idan tsofaffin abubuwa sun ɓace, a zaɓi All Events.

Matakan ƙarshe da haɗarinsu

Idan duk wannan bai yi ba, a kashe wayar a kunna, a sabunta manhajar a Play Store ko App Store. Bayan haka a Android a shiga App info, a je Storage a latsa Clear cache. Wannan tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa, babu asara a cikinsa.

Clear data ko Clear storage daban yake. A Gmail yana share saitin manhajar da duk saƙon da aka rubuta bai kai ga fita ba. A manhajar tsarin waya mai suna Calendar Storage kuwa, yana share duk taron da bai hau intanet ba, har da kalandar cikin waya gaba ɗaya. Kada a taɓa shi sai an tabbatar ta burauza cewa komai na can.

Cire asusu a sake saka shi na gyara matsaloli da yawa, amma da sharaɗi: mutum ya tabbata ya san kalmar sirrinsa, kuma layin da aka yi rajista da shi yana hannunsa. Mutane da dama a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu Gmail, ba su taɓa riƙe kalmar ba. Irin wannan idan ya cire asusu, ko aka yi wa wayarsa filashin, zai iya rasa imel da lambobi da hotuna a lokaci guda. Ƙari a kan haka, tun Android 5.1 wayar da aka goge ta ƙarfi takan nemi tsohon asusun Google kafin ta buɗe. A fara gwada shiga ta burauza. Idan an shiga lafiya, sannan a cire.

Riga-kafi

Bayan kowane gyara, a yi gwaji: a tura wa kai saƙo daga wani adireshi, a ajiye wayar a ga ko sanarwa za ta fito ba tare da an buɗe manhaja ba. A rubuta taron gwaji a kalandar waya, a duba ko ya bayyana a burauza. Yana da kyau a maimaita hakan duk lokacin da aka sayi sabuwar waya, ko aka sabunta tsarinta, ko aka karɓo ta daga wurin gyara.

Wanda ke jiran sakamakon neman aiki, gurbin karatu ko tallafi kada ya zauna jiran ƙarar waya. Ya riƙa buɗe akwatin da kansa sau ɗaya a rana, ya ja shafin ƙasa don ya sabunta, ya leƙa Promotions da Spam. Ya kuma tabbatar lambar waya da imel na dawo da asusu na yanzu ne, ya rubuta kalmar sirrinsa a wuri mai aminci wanda ba cikin wayar ba.